Baki da Hannu: Nazarin Jawaban Abubakar Tafawa Ɓalewa da Matsayinsa a Majalisa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna feɗe waƙa da zube da wasan kwaikwayo, sun kuma taɓa huɗuba da kirari da zancen maroƙa, amma jawabin da wakili yakan miƙe ya yi a zauren majalisa bai sami irin wannan gata ba. Alhali kuwa shi ma yana da jigo, yana da tsari da salo, yana kuma da masu sauraro waɗanda ake so a shawo kansu. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne da ƙuri'a ake rufe shi. Mawaƙi in ya kai ƙarshen waƙarsa ya gama aikinsa, amma wakili in ya zauna sai an tambaye shi ina ya tsaya, a kuma rubuta. Saboda haka mai nazarin irin wannan zance ma'auni biyu gare shi, watau abin da baki ya faɗa da abin da hannu ya aikata.

Wannan maƙala za ta ɗora ma'aunan nan biyu a kan Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, musamman jawabinsa na 1950 game da mulkin En'e. Daga nan za a waiwayi ƙasar Karaye da Rogo, inda maganar sarauta ta sake komawa zauren majalisa a 2019 da 2024, don a ga abin da darasin 1950 yake da shi ga mai zaɓe na yau.

2.0 Mai Jawabi da Zaurensa

An haifi Abubakar a 1912 a ƙasar Bauci. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma gida ya yi koyarwa har ya zama shugaban Midil ta Bauci, sa'an nan ya tafi Landan ƙaro ilmi a 1945. Tun kafin siyasa ya riga ya san aikin alƙalami, domin littafinsa Shaihu Umar yana cikin waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Wanda ya karanta littafin zai lura da marubuci mai natsuwa, wanda yake jera bala'i bayan bala'i ba tare da ɗaga murya ba. Wannan hali shi ne ya bi shi har cikin majalisa.

Majalisar Arewa da ya shiga a ƙarƙashin tsarin mulkin Richards kashi biyu ce. Akwai Turawan mulki, Razdan-Razdan da manyan ma'aikata, akwai kuma wakilan larduna waɗanda En'e-En'e ne suka turo su, yawancinsu kuwa a ƙarƙashin sarakuna suke cin abinci. Duk wanda zai soki En'e a wannan zaure, to, a gaban masu ita da masu tsaronta zai yi. Sai an riƙe wannan a zuci kafin a gane nauyin abin da ya faru.

3.0 Jawabin 19 ga Agusta 1950

3.1 Jigo

Batun da ya gabatar a Kaduna a wannan rana shi ne a roƙi Gwamna ya kafa hukuma mai zaman kanta wadda za ta binciki tsarin mulkin En'e a lardunan Arewa, ta ba da shawarar yadda za a gyara shi ya dace da zamani. Wajen warware wannan jigo ya kawo ƙorafi iri huɗu. Na farko, tsarin da Lugga ya shimfiɗa na mulkar jama'a ta hannun sarakunansu ya wuce lokacinsa, har ya zama shinge ga ci gaba. Na biyu, dokar da ta mai da sarki shi kaɗai ne hukuma, ba tare da wajabcin bin shawarar majalisarsa ba, ba ta da tushe. Na uku, talaka bai ga wani canji a matsayinsa ba tun zuwan Turawa, da ƙarfi ake mulkarsa, ba a kuma shawartarsa. Na huɗu, toshi da cin hanci sun game kowane mataki na aikin En'e.

3.2 Salo

Gwanintar jawabin tana cikin inda ya ajiye laifi. Ya karkata zarginsa ga tsari, tsarin kuwa Bature ne ya gina shi, saboda haka sarki yana iya jin maganar ba tare da an ci fuskarsa a bainar jama'a ba. Wannan ita ce kara irin ta Bahaushe, wadda take barin babba ya gyara ba tare da an ce an tilasta shi ba. Bugu da ƙari ya fito fili ya ce gyara yake nema, ba ya nufin rushe sarauta. Da wannan ya toshe bakin wanda zai ce masa ɗan tawaye, ya kuma buɗe wa wakilan En'e hanyar goyon bayansa ba tare da sun yanke igiyar da ke ɗaure da su ba.

Har ila yau jera laifuffukan masu mulki ɗaya bayan ɗaya ba baƙon abu ne a kunnen mutanen Arewa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi haka a cikin Kitabul Farƙi, inda ya lissafa haraji na zalunci da karɓar gaisuwa cikin halayen sarakunan da ya tarar. Ko da yake rubutaccen jawabin 1950 da manazarta irin su C. S. Whitaker da Trevor Clark suka yi aiki da shi da Turanci yake, zubinsa na mai wa'azi ne wanda yake tuna wa jikoki abin da kakanninsu suka yi jihadi a kansa. Mai sauraro da ya gaji gadon jihadi yana da wuya ya ce ƙarya ne.

3.3 Rauni

Duk da haka jawabin yana da rauni, raunin kuwa yana fitowa in an ajiye shi kusa da abin da ya faru a Kano kwana 11 kafinsa. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda sanarwarta ta Sawaba ta kira abin da sunansa, ta ce gwagwarmaya ce tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, kuma talakawa ne da kansu za su ƙwaci 'yancinsu. A jawabin Abubakar kuwa talaka abin tausayi ne wanda ake magana a kansa, maganin ciwonsa kuma yana hannun hukumar bincike da Gwamna zai naɗa. Karar da ta sa aka saurari jawabin ita ce kuma ta rage masa kaifi.

4.0 Ƙuri'a da Abin da ya Biyo Baya

Da ƙyar batun ya tsallake, amma ya tsallake. Gwamnati ba ta kafa hukuma mai zaman kanta yadda aka roƙa ba, sai ta sa jami'anta biyu, K. P. Maddocks da D. A. Pott, suka zaga larduna suka rubuta rahoto. Daga nan aka sami dokar 1952 wadda ta kawar da matsayin sarki shi kaɗai ta mai da shi sarki a cikin majalisa, sa'an nan babbar Dokar En'e ta 1954. A wannan gaɓa baki da hannu sun tafi tare, kuma jawabi guda ya motsa doka, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Sai dai 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai sun ci gaba da zama a hannun En'e har ƙarshen Jamhuriya ta Farko, kuma magoya bayan NEPU a ƙauyukan Kano sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsu. Adalci ya wajabta a faɗi cewa al'amarin En'e na Gwamnatin Jihar Arewa ne a Kaduna ƙarƙashin Sardauna, shi kuwa Abubakar tun 1952 yana minista a Ikko. Amma shi ne mataimakin shugaban jam'iyyar NPC wadda ta jingina da En'e wajen cin zaɓe. Sai a zamanin soja aka karɓe 'yan doka da kotuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babin En'e. Watau rabin abin da jawabin 1950 ya yi kuka a kansa wasu ne suka ƙarasa shi bayan ran mai jawabin.

5.0 Sauran Jawabai

A Majalisar Dokoki ta ƙasa, a 1947 da 1948, ya yi magana mai zafi cewa haɗin kan Nijeriya buri ne na Turawa kawai, al'ummominta kuwa sun bambanta ta kowace fuska. A ranar 31 ga Maris 1953, da Anthony Enahoro ya kawo batun mulkin kai a 1956, jam'iyyarsa ta tsaya a kan gyaran Sardauna na a jira sai lokacin da ya dace, rikicin da ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu na shekarar. Amma a Maris 1957 ya goyi bayan batun neman mulkin kai, kuma a Janairu 1960, yana Firayim Minista, shi ne da bakinsa ya gabatar da batun roƙon 'yanci a ranar 1 ga Oktoba. Wannan sauyi ba abin zargi ne ba, domin a fili aka yi shi, a kan mataki-mataki, kuma kowane mataki yana rubuce.

Jawabin da ya fi wuyar karewa shi ne na 29 ga Mayu 1962. Bayan hargitsin da ya ɓarke a zauren Majalisar Jihar Yamma a Ibadan ranar 25 ga wata, ya gabatar wa Majalisar Tarayya batun kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Cif Obafemi Awolowo, madugun 'yan hamayya, ya amsa cewa faɗan bai wuce bangon zauren ba, gari lafiya lau yake. Rinjaye ya bi Firayim Minista, aka dakatar da gwamnatin jihar, aka naɗa Dakta Majekodunmi kantoma har ƙarshen shekara. Muryar dai ita ce ta 1950, mai sanyi da jera hujja daki-daki, amma aikin da ta yi ya juya. A 1950 ta roƙi a rage ikon mutum guda a raba shi ga majalisa, a 1962 kuwa ta roƙi a ɗauke ikon majalisa a damƙa wa mutum guda. Wanda ya tsaya ga salo kaɗai ba zai ga wannan ba, sai ya duba ƙuri'a.

6.0 Daga Kaduna zuwa Karaye da Rogo

Tambayar 1950, watau wane ne zai yanke iyakar ikon sarki, ba ta mutu ba. A ranar 8 ga Mayu 2019 Majalisar Dokokin Jihar Kano ta zartar da dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Karaye, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu, duka cikin abin da bai kai mako guda ba. A watan Nuwamba babbar kotun jiha ta soke dokar saboda rashin bin ƙa'ida wajen yin ta, majalisa ta sake yin wata a Disamba. A ranar 23 ga Mayu 2024 wata majalisar, ƙarƙashin shugabancin Jibrin Isma'il Falgore wakilin Rogo, ta soke dokar gaba ɗaya, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. A watan Yuli na shekarar aka sake kafa Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo.

Sau huɗu ke nan cikin shekara biyar majalisa tana sauya matsayin sarautar da manomin Unguwar Hajji yake kai wa gaisuwa da ƙara. Wannan maƙala ba ta ɗauki ɓangare a kan wace doka ce ta fi ba. Abin lura shi ne manomin nan yana da haƙƙin ya san abin da wakilinsa ya faɗa a kowane karo da inda ya tsaya, kuma abubuwa uku suna tsakaninsa da wannan sani. Na farko gaggawa, domin dokar da aka gama cikin 'yan kwanaki ba ta barin fili ga jawabi mai hujja irin na 1950. Na biyu ƙuri'ar murya, wadda ta zama al'adar majalisun ƙasar nan, inda ake jin amon masu yarda da na masu ƙi, shugaba ya buga guduma, ba a rubuta sunan kowa ba. Na uku harshe. Sashe na 97 na tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar jiha damar gudanar da aikinta da wani harshe na jihar ban da Turanci in ta yanke haka, kuma tsohuwar Majalisar Arewa da Hausa da Turanci take aiki. Amfanin wannan dama ba ya cika sai an rubuta muhawarar da Hausa an buga ta yadda za a iya karanta ta a zauren dagaci.

7.0 Kammalawa

An ga cewa jawabin 1950 ya yi nasara domin ya haɗa gaskiya da kara, an kuma ga cewa karar ta rage masa kaifi, sa'an nan matsayin mai jawabin a 1962 ya saɓa wa ruhinsa. Dalilin da ya sa aka iya yanke wannan hukunci bayan shekara fiye da 70, da yabonsa da sukarsa, shi ne an rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faɗe shi da abin da majalisa ta yanke. Wakilin da ba a ajiye maganarsa ba ya tsira daga zargi, amma ya rasa yabo, mutanensa kuma sun rasa abin da za su auna shi da shi ranar zaɓe. Aikin da ke gaban sassan nazarin Hausa na jami'o'i shi ne su tattara muhawarorin Majalisar Arewa da na majalisun jihohin da suka gaje ta, su fassara na Turanci, su sa su cikin abin da ɗalibai za su feɗe kamar yadda suke feɗe waƙa.