Taswirar Zaɓen 1964 da Abin da Ta Ɓoye

Ranar Laraba, 30 ga Disamba 1964, Nijeriya ta shiga zaɓen tarayya na farko tun bayan da Turawan Ingila suka miƙa mulki. A Kano da Sakkwato da Maiduguri an buɗe rumfuna, maza sun yi layi suna jefa ƙuri'a. A Inugu da Fatakwal kuwa ko akwati ba a fito da shi ba, domin gamayyar jam'iyyun adawa ta UPGA ta ce magoya bayanta su ƙaurace, gwamnatin Jihar Gabas kuma tata ce. Sai ranar 18 ga Maris 1965 aka ƙarasa zaɓen a Gabas da sauran mazaɓun da suka rage. Da aka haɗa lissafi, NPC ta Sardauna ta kwashe kujeru 162 daga cikin 167 na Arewa. NNDP ta Akintola ta sami 36 daga cikin 57 na Yamma. NCNC ta tashi da 84, galibinsu daga Gabas da sabuwar Jihar Tsakiyar Yamma. A kowace jiha, jam'iyyar da Firimiya yake cikinta ita ce ta yi rinjaye.

Daga irin wannan lissafi aka gaji wata al'ada ta karanta zaɓe wadda har yau ba ta mutu ba. A zana taswira, a shafa wa kowane yanki launin jam'iyyar da ta ci, sai mai sharhi ya gyara zama ya ce ai magana a fili take: Bahaushe ya bi nasa, Bayarbe ya bi nasa, Ibo ya bi nasa. Karatun yana da daɗin faɗi, kuma ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinsa. Sai dai duk wanda ya ɗora alƙaluman 1964 kusa da na zaɓen da ya gabace shi zai ga taswirar ta fi nuna ƙarfin hannun masu mulkin jihohi fiye da abin da ke zukatan masu zaɓe.

Zaɓen 12 ga Disamba 1959 shi ne ya haifar da gwamnatin da ta karɓi 'yanci, kuma a ƙarƙashin idon Turawa aka yi shi. Kujeru 312 aka yi takara: 174 a Arewa, 73 a Gabas, 62 a Yamma, uku a Ikko. Kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta a jiki, NPC fartanya, NEPU tauraro, NCNC zakara, AG bishiyar kwakwa, mai zaɓe ya shiga bayan labule ya jefa takardarsa inda ya ga dama. NPC ta ci 134, duka a Arewa. NCNC da ƙawarta NEPU suka haɗa 89. AG ta Awolowo ta sami 73.

A cikin waɗannan 73 ɗin ne labarin yake. Kujeru 33 kawai AG ta ci a Yamma, gidanta. Ta ci 25 a Arewa, 14 a Gabas, ɗaya a Ikko. Wato jam'iyyar da ake yi wa kirari da ta Yarbawa ta fi samun kujeru a wajen jiharta. NCNC, wadda ake cewa ta Ibo ce, ta ci 21 a Yamma da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un jihar, alhali AG mai gwamnati ba ta cika kashi 50 ba. A Gabas kusan kashi 23 sun tafi ga AG, mafi yawa daga ƙasashen Kalaba da Ogoja da Ribas, inda ƙananan ƙabilu ke neman a yanke musu jiharsu. Hukumar Willink ta saurari irin waɗannan koke-koke a 1957 da 1958, ta kuma ƙi ba da shawarar ƙirƙiro jihohi. Da aka hana su ta wannan hanya, sai suka kai ƙararsu akwati.

Arewa ma ba dunƙulalliya ba ce kamar yadda taken NPC na Arewa ɗaya, al'umma ɗaya yake so a ɗauka. Kusan kashi 61 na ƙuri'un jihar NPC ta samu, amma da su ta kwashe kashi 77 na kujeru. Dalili kuwa tsarin da aka aro daga Ingila, inda wanda ya zarce abokin takararsa ko da ƙuri'a ɗaya ce yake tafiya da kujerar, sauran ƙuri'u su bi ruwa. NEPU ta Malam Aminu Kano ta tara ƙuri'a sama da rabin miliyan, ta tashi da kujeru takwas, saboda masu cewa Sawaba a warwatse suke cikin birane da garuruwan kasuwanci, ko'ina da yawa amma ba kasafai suke yin rinjaye ba. AG da ƙawayenta sun sami ƙuri'un da ba su fi na NEPU da wani abin kirki ba, suka ci 25, domin nasu a cure suke wuri guda, musamman ƙasar Tibi inda UMBC ta Joseph Tarka take da ƙarfi. Jirgin sama mai saukar ungulu da Awolowo ya yi ta yawo da shi a Arewa a wannan yaƙin neman zaɓe ya tara 'yan kallo, amma ba shi ya kawo waɗannan kujeru ba. Tsohon ƙorafin mutanen Binuwai da Filato ne ya kawo su.

Akwai kuma wani giɓi da taswira ba ta nunawa sam. A Kudu maza da mata suka yi zaɓe, a Arewa maza kaɗai. Kujeru kuwa da yawan jama'a aka raba su, har da matan da aka hana zaɓen. Shi ya sa NCNC ta fi kowace jam'iyya yawan ƙuri'a a ƙasa baki ɗaya, sama da miliyan biyu da rabi, amma NPC ta yi mata fintinkau a majalisa. Irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan siyasar da ba su da ikon jefa mata ƙuri'a, kuma matan Arewa ba su sami wannan 'yanci ba sai a 1976.

To, ina waɗannan 'yan adawa na cikin gida suka shige a shekara biyar?

A Yamma fasa su aka yi a bainar jama'a. Rikicin Awolowo da Akintola ya kai ga dokar ta-ɓaci a watan Mayun 1962, hukumar Coker ta tona yadda kuɗin hukumar cinikin amfanin gona, wato gumin manoman koko, ya riƙa zurarewa zuwa aljihun AG, sannan a watan Satumban 1963 aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara goma kan laifin cin amanar ƙasa. Akintola ya koma kujerarsa ta Firimiya ya kafa NNDP da 'yan majalisar da suka sauya sheƙa. Ɓangaren Binin da bakin Neja, inda NCNC ta fi ƙarfi, an yanke shi a 1963 ya zama Tsakiyar Yamma. Ita ce jiha ɗaya tilo da aka ƙirƙiro a Jamhuriya ta Farko, kuma ba abin mamaki ba ne da aka yanke ta daga jikin jihar da jam'iyyarta ke adawa a tarayya. Masu neman jiha a Arewa da Gabas, inda NPC da NCNC, abokan gwamnatin haɗin gambiza ta tarayya, ke mulki, ba wanda ya kula su.

A Arewa ba a bukaci irin wannan hayaniya ba, domin kayan aikin suna nan tun zamanin Turawa. En'e ce take da 'yan doka, ita take da kotun alƙali, ita take da gidan yari, hakimai da dagatai da masu unguwa kuma ma'aikatanta ne. Ɗan adawa da ke son yin lacca sai ya nemi izini daga En'en da manyanta 'yan NPC ne, wasu ma su ne 'yan takarar. In ya yi ba izini, laifi ne. In an ba shi ya kuskura ya ambaci sarki da abin da ba a so, zagi ne, alƙali na jiransa, lauya kuma ba ya shiga kotun alƙali. Wanda ke yanka wa talaka haraji shi ne mai sanin wanda ya je laccar NEPU. Ga ƙaramin ɗan kasuwa mai neman lasisin sayen gyaɗa ko malamin makaranta mai iyali, lissafin ba shi da wuya. A ƙasar Tibi, inda mutane suka ƙi lanƙwasuwa, tarzoma ta ɓarke a 1960 da kuma 1964, har sai da aka tura soja.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa NPC tana da magoya baya na haƙiƙa, kuma masu yawa. Manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati ta buɗe wa samari ƙofofin da suke ganin 'yan Kudu sun tare, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a 1962, martabar Sardauna da ta sarakuna kuma ba ƙirƙira ba ce. Da an yi zaɓe na gaskiya, alamu sun nuna ita za ta ci Arewa. Cin 162 cikin 167 ne abin da farin jini kaɗai ba zai bayyana ba.

Kafin a kai ga akwati ma an riga an gwabza a kan ƙidaya, tunda kowa ya gane cewa in har kowace jam'iyya za ta share jiharta, to mai yawan kujeru shi ne mai mulkin ƙasa. An soke ƙidayar 1962 saboda gardama. Ta 1963 ta ba ƙasar mutum miliyan 55.6, Arewa ta sami miliyan 29.8, Firimiyan Gabas Michael Okpara ya yi fatali da ita, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙararsa. Sabon rabon ya ba Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, Tsakiyar Yamma 14, Ikko huɗu. Arewa ita kaɗai ta haura rabin majalisa. Ma'anar wannan ga UPGA, wadda ta haɗa NCNC da AG da NEPU da UMBC, ita ce ba ta da hanyar mulki sai ta ɓamɓaro kujeru masu yawa daga Arewa. Ma'anarsa ga NPC da ƙawayenta na gamayyar NNA kuma ita ce su toshe wannan ƙofa kawai.

Wurin ajiye takardun takara aka toshe ta. 'Yan takarar adawa sun yi ta kukan cewa jami'in zaɓe ya ɓace ranar da za su miƙa takarda, ko an kama waɗanda za su sa musu hannu, ko su kansu suna tsare har wa'adi ya wuce. Gomman 'yan NPC aka bayyana sun ci ba hamayya tun kafin ranar zaɓe, kuma NCNC ma ta sami nata 'yan ba-hamayya a Gabas. Shugaban hukumar zaɓe, Eyo Esua, da bakinsa ya amsa cewa an tafka kura-kurai, wasu mambobin hukumar suka ajiye aiki. UPGA ta yi shelar ƙauracewa ana jajibirin zaɓe, dabarar da ta zame mata ƙaiƙayi koma kan masheƙiya: a Gabas ta hana zaɓen da ita ce za ta ci, a Yamma kuma magoya bayanta da yawa suka zauna gida suka bar wa Akintola fili. A Arewa ƙawayenta kujeru huɗu suka tsira da su, Malam Aminu Kano ya rasa tasa ta Kano.

Shugaban ƙasa Nnamdi Azikiwe, wato Zik, ya yi kwanaki yana ƙin kiran Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta zauna ba a san mai riƙe da ita ba. Shugabannin soja suka nuna cewa umarnin Firayim Minista za su bi, manyan alƙalai Adetokunbo Ademola da Louis Mbanefo suka shiga tsakani, ranar 4 ga Janairu 1965 Zik ya sauko bisa sharaɗin gwamnati mai faɗi. NCNC ta koma cikin gwamnati ta karɓi ministoci, NEPU da UMBC da AG da suka sha wuyar yaƙin aka bar su a rana. Zaɓen Jihar Yamma na watan Oktoban 1965 ya maimaita maguɗin cikin muni, ƙone-ƙone suka biyo baya, ranar 15 ga Janairu 1966 soja suka kifar da jamhuriyar, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola.

Waɗanda suka tsara Jamhuriya ta Biyu sun ɗauki taswirar 1964 a matsayin cutar ƙabilanci, suka rubuta mata magani: jam'iyya sai ta bazu a faɗin ƙasa kafin a yi mata rajista, shugaban ƙasa kuma sai ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Amma canjin da ya fi tasiri ya riga wannan doka zuwa. Gowon ya rusa manyan jihohin nan huɗu ya yi 12 a watan Mayun 1967, Murtala ya mai da su 19 a 1976, mulkin soja kuma ya ƙwace 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Da aka koma akwati a 1979, wannan karon har da mata, jihohi goma na tsohuwar Arewa sun rabu tsakanin jam'iyyu huɗu a zaɓen gwamnoni. NPN, magajiyar NPC, ta ci Sakkwato da Neja da Bauchi da Binuwai da Kwara. PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna, GNPP ta Waziri Ibrahim ta ci Barno da Gongola, NPP ta Zik ta ci Filato.