Kan Burtu da Maganar Saiti

Wani matashi da ya dawo Malbaza daga karatu ya ce mini harbin gargajiya kame-kame ne: a ɗura albarushi da dalma, a ja kunama, a jira sa'a. Hujjarsa abin da yake gani a wayarsa ne. Masu wasan harbi a Amurka kan ɗauki bindiga mai ɗura kanta, irin Ruger 10/22 da ta fito a 1964, su sauya mata hanci, su sassauta kunamarta, su ɗora mata madubin hange, har harsasai biyar su taru wuri guda a jikin allo. Ban raina wannan gwaninta ba. Amma wanda ya auna mahalbin ƙasar Ƙonni da mudun allo bai san abin da yake aunawa ba.

Bindigar toka daga bakin teku ta shigo mana ta hannun fatake, maƙera suka koyi gyaranta, har Sarkin Damagaram Tanimun ya sa aka riƙa ƙera igwa a birninsa a ƙarni na 19. Cikin hancin bindigar toka sumul yake, ba zanen da zai murza harsashi ya tafi a miƙe, shi ya sa da nisa ya ƙaru sai dalma ta watse. Mahalba sun san haka tun kafin a haifi mai sukarsu. Da suka ga ƙarfe ba zai kai musu inda suke so ba, sai suka koma gyaran tazarar da ke tsakaninsu da nama, kuma a nan kan burtu ya shigo.

A dubi abin da kyau. Itace ake sassaƙawa da siffar wuya da kan tsuntsun, a lulluɓe shi da fata, a sa masa baki, wani ma ya manna masa idon zakara. Mahalbi ya ɗaura shi a goshi, ya rufe bayansa da baƙin zane, ya duƙa. Zaɓen burtu ba a banza aka yi shi ba: tsuntsu ne babba, baƙi, mai kiwo a ƙasa, wanda barewa da gada suka saba gani yana ratsa ciyawa bai taɓa cutar da su ba. Sai dai kan kaɗai ba ya yaudarar kowa. Tafiyar ce aikin. Burtu ba ya miƙe hanya, yakan yi taku kaɗan, ya sunkuya ya caccaki ƙasa, ya ɗaga kai ya duba, ya karkata gefe. Dole mahalbi ya kwaikwayi wannan rashin gaggawa alhali gwiwoyinsa na kan ƙaya, cinyarsa na rawa, bindiga ko baka na maƙale a jikinsa. Iska kuma sai ta riƙa bugun fuskarsa, don hancin barewa bai san burtun itace ba. In dabba ta ɗaga kai, shi sai ya sunkuyar da nasa kamar ya ga fara. Ni wannan sunkuyawar ce ta fi burge ni, domin a daidai lokacin da zuciya ke cewa ka tsaya cak, sana'ar cewa take ka ci gaba da kiwo.

Masu cewa duk asiri ne da layu sun sauƙaƙa wa kansu magana. Layu suna nan a rigar mahalbi, ba mai musu, amma ba laya ce ta koya masa yadda burtu ke taka ƙasa ba. Shekaru ya yi yana kallon tsuntsun a bayan ubansa ko sarkin baka na garinsu. Saitinsa a nan yake, cikin sanin dabba. Madubin hange kuwa yana ba mutum damar harbin abin da bai taɓa kusanta ba, kuma ina ganin asara ce babba ga mai farauta.

Yau gonaki sun cinye dajin da ke tsakanin Malbaza da Illela, naman ya yi ƙaranci, dokar farauta ta 1998 ta gindaya sharuɗɗa, kuma daidai ne ta gindaya. Kan burtu ya samu wurin zama a gidajen tarihi na Turai. Tafiyar ce ba ta shiga akwatin gilashi, ga shi tsofaffin da suka iya ta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.