Ƙwaron Ƙarya a Kogunan Alli na Ingila

A kudancin Ingila akwai wasu ƙananan koguna da ke fitowa daga ƙarƙashin dutsen alli. Ruwan sama yakan nutse cikin allin ya daɗe yana tacewa, sannan ya ɓuɓɓugo garai-garai, sanyinsa kusan ɗaya ko da zafi ko da hunturu. Irinsu kusan 200 ne a duniya, mafi yawa a Ingila, kuma Test da Itchen na yankin Hampshire suka fi suna. Tsabtar ruwan ce ta haifi wata irin fatsa ta daban, domin mai fatsa yana ganin kifin tirawut, kifin ma yana ganinsa.

Ba a sa tsutsa. Gashin wuyan zakara da zare ake ɗaurawa a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Mutum ya durƙusa bayan ciyawar gaɓa, ya jira wani kifi ya taso ya cafke ƙwaro, ruwa ya yi zobe, sai ya wurga nasa can gaban kifin, ruwa ya gangaro da shi. In igiyar fatsar ta ja ƙwaron ya tsaga ruwa ko kaɗan, shi ke nan, kifi ya farga ya shige ciyawa.

Wani mai fatsa, Frederic Halford, shi ne ya mai da wannan salo doka. A littattafansa na 1886 da 1889 ya tsara kamun da ƙwaro mai yawo a saman ruwa, mabiyansa kuma suka ɗauki duk wata hanya a matsayin rashin ɗa'a. G. E. M. Skues, wani lauya da ya daɗe yana fatsa a Itchen kusa da Winchester, bai yarda ba. Ya riƙa duba cikin kifayen da ya kama, ya tarar mafi yawan abincinsu 'ya'yan ƙwari ne da ba su fito saman ruwa ba tukuna. To me ya hana a kwaikwayi waɗannan, a nutsa ƙugiya kaɗan? Ya rubuta haka a 1910. An yi ta caccakarsa har zuwa muhawarar ƙungiyar masu fatsa a Landan a 1938, kuma a shekarar ce ya bar wurin da ya yi fiye da shekara hamsin yana kamun kifi.

A ganina Skues ne ke da gaskiya, tunda shi halin kifin ya bi, sauran kuwa ƙa'idar ƙungiya suke karewa. Duk da haka ban raina tsarin Halford ba. Mutumin da ya hana kansa hanya mai sauƙi yana barin kifi a kogi, wurare da yawa ma yanzu sakin kifin ake yi bayan an kama. Abin da ke damuna shi ne tsadar: gaɓar waɗannan koguna galibi ta masu gidaje ce da ƙungiyoyi, talaka sai kallo daga kan gada.

Rigimar ƙugiya ta lafa. Barazanar yau ita ce ɗibar ruwa daga ƙarƙashin allin don shayar da garuruwa, da kwararar ƙazantar magudanai da takin gonaki. Wasu ƙoramun na tsaunukan Chiltern suna ƙafewa a shekarun fari.