Champi ba a kwalba yake ba

Man kai irin na Indiya ya zama abin yayi a TikTok da Instagram, musamman bayan shirin Bridgerton na 2022 ya nuna Kate tana shafa wa ƙanwarta Edwina mai a gashi. Yanzu 'yar kwalba ake sayarwa da tsada, da alkawarin gashi zai zubo har baya. Ni dai ban yarda da wannan cinikin ba.

Champi, wato tausar kai ta Indiya, aikin hannu ne kafin komai. Uwa ko kaka ce ke zaunar da yarinya tsakanin ƙafafunta, ta ɗumama mai, ta bi fatar kai da yatsu a hankali, ta gangaro wuya da kafaɗu, hira na tafiya. Maza kuwa wurin mai aski suke samun tasu. Duk wanda ya kalli fim ɗin Pyaasa na 1957 zai tuna ɗan wasa Johnny Walker yana yawo da kwalaben mai, yana neman kan da zai tausa. Shi kansa man ba wani sirri ba ne, abin da ƙasa ta bayar ne: na kwakwa a Kerala, na mustad a Punjab da Bengal, na riɗi a magungunan Ayurveda, wani lokaci a dafa shi da tsirrai irin su amla ko bhringraj. Da shi ake girki a gidan.

Man yana da amfaninsa, ban musa ba. Binciken Rele da Mohile na 2003 ya nuna man kwakwa na shiga silin gashi ya rage lalacewarsa, abin da man sunfulawa bai yi ba, kodayake masu binciken na kamfanin Marico ne mai sayar da man kwakwa. To amma hana gashi karyewa daban, tsiro da sabo a kan mai sanƙo daban. Mai amosanin kai ma ya yi hattara, ƙwayar da ke haddasa shi da maiƙo take rayuwa, kwana da mai a ka na iya tsananta masa.

Narendra Mehta, makahon da ya yaɗa wannan tausa a Ingila da sunan Champissage, ya koyar da ita yadda za a yi wa mutum yana zaune a kujera da tufafinsa, ko ba mai. Na fi ganin hikimarsa a kan ta masu tallar kwalba, don shi hannun ya riƙe. Mai son champi ya sayi man kwakwa na kasuwa, ya nemi wanda zai zauna ya tausa masa kai ba gaggawa.