Tsira da Rai ko Tsira da Mutunci: Jigon Bauta a Littafin Shaihu Umar

Gabatarwa

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin R. M. East, aka buga shi a 1934. Ɗalibai sun saba cewa jigonsa haƙuri ne da neman ilimi. Wannan takarda za ta duba wani ɓangare na daban, wato yadda marubucin ya raba tsira da rai da kuma tsira da mutunci tsakanin taurarinsa uku.

Makau

Makau, mijin mahaifiyar Umar, bafade ne a Kagara. An fita harin bayi da shi ƙasar Gwari, da aka dawo sai 'yan'uwansa fadawa suka yi masa sharrin cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, sarki ya kore shi daga gari. Mai karatu yakan tausaya masa domin an zalunce shi. To amma a lura, laifin da ake jayayya a kansa shi ne cin amanar sarki. Kamun mutanen kansa bai zama abin tuhuma a bakin kowa ba. Ke nan a wannan fada ana auna mutumin kirki da yadda ya riƙe amanar ubangidansa, ko da kuwa amanar ta bayi ce.

Umar

An sace Umar yana ƙaramin yaro, ya bi hannu-hannu har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano. Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Umar ya tsira ne ta hanyar karɓar halin da ya sami kansa. Sai dai gidan da ya rene shi da fataucin bayi yake ci. Umar da kansa ne yake ba almajiransa wannan labari a Rauta, kuma bai tsaya ya tuhumi sana'ar mai riƙonsa ba. Wannan shirun nasa shi ne wurin da ya fi cancantar nazari, domin wanda ya rayu da alherin mai bayi yakan rasa bakin sukarsa.

Mahaifiyar Umar

Ita kuwa tana da damar zama a ɗakin mijinta ta dangana, amma zuciyarta ta ƙi. Ta bar kome ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa alhali 'ya ce, ta sha azaba har zuwa Tarabulus. Ta ga ɗan nata daga ƙarshe, ba da jimawa ba ta rasu. A littafin duka, ita ce ta fifita abin da zuciyarta ta ga ya wajaba a kan lafiyar jikinta, ita ce kuma ta biya da ranta. Ta hanyarta ne marubucin ya nuna munin bauta ƙarara, ba tare da ya yi wa'azi ba.

Kammalawa

Ya kamata a tuna cewa sai a 1936 aka kafa dokar da ta soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya, wato shekara 2 bayan fitowar littafin. Daga cikin masu karatunsa na farko akwai 'ya'yan masu bayi da 'ya'yan bayin, wataƙila a aji guda. Marubucin bai yanke wa kowa hukunci ba. Ya ajiye ɗa mai daraja kusa da uwar da ta mutu a hannun bauta, ya bar mai karatu ya auna. Saboda haka duk ɗalibin da zai ce jigon littafin haƙuri ne, sai ya fara bayyana wane ne haƙurin ya amfana, kuma wace ce ta ɗauki nauyinsa.