Kunnen Sarki da Rijiyar Gishiri: Sharhi a Kan Jigon Mulki a *Magana Jari Ce*

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce mu duba yadda Alhaji Abubakar Imam ya fasalta mulki a cikin *Magana Jari Ce*, wanda ya fara fitowa a 1937, sa'an nan mu auna fasalin da tarihin garin Awe na Jihar Nasarawa, domin mu ga abin da littafin ya bayyana da abin da ya tsallake.

Mulki a Cikin Littafin

Idan muka warware jigon littafi na ɗaya, za mu tarar cewa rikicinsa a kan abu guda yake, wato wa zai mallaki kunnen mai mulki. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Waziri ya haɗa baki da Sarkin Sinari, Aku kuwa ya tsare Musa a gida da labarai har makircin ya wargaje. Aku ba shi da dakaru, ba shi da dukiya, harshensa kaɗai ya kai shi ga wazirci. A nan Imam ya yi zurfin tunani, domin ya nuna cewa iko ba a kan karaga kaɗai yake zaune ba. Mai isar da magana da mai tare ta a zaure, su ma masu iko ne.

Sai dai akwai tambayar da littafin bai tsaya a kanta ba. Sarakunan cikinsa suna kyautar riguna da dawaki da kuɗi, amma ba a cika kai mu inda dukiyar ta fito ba. Laifi yakan tsaya a kan mugun bafade, ita sarautar kuwa ta fita fes. Wannan ba abin mamaki ba ne, in muka tuna cewa an rubuta shi a Zariya ƙarƙashin Hukumar Talifi da kulawar Rupert East, domin makarantun gwamnatin da ke mulki ta hannun sarakuna. Hukumar da ta buga littafin, ita ma iko take gudanarwa.

Ma'aunin Awe

Mai karatu ɗan Awe ya san wani jari ban da magana. Gishirin Awe da Azara da Keana ne ya jawo fatake daga ƙasar Hausa zuwa kwarin Binuwai, shi ne kuma ya jawo idon masu mulki, har yankin ya shiga inuwar Bauchi a ƙarni na 19. Mata ne ke kankaro ƙasar, su tace, su dafa da rani, amma ba su ne ke yanke shawara a kan abin da za a kai wa manya ba.

Daga nan ikon ya yi ta sauya masauki: En'e a zamanin Turawa, Jihar Binuwai-Filato a 1967, Filato a 1976, sai Nasarawa a 1996, mai hedikwata a Lafiya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da gudanar da mulki, ya bar su da ba da shawara. Ashe ke nan tarihi ya mayar da sarki kansa matsayin Aku: abin da zai samar wa jama'arsa ya dogara ga yadda ya iya shiga kunnen gwamna. Ta wannan fuska littafin bai tsufa ba. Ta fuskar mai dafa gishiri kuwa, har yanzu ba ta sami gurbi a cikin labarin ba.

Kammalawa

Sulaiman Ibrahim Katsina ya cike wani ɓangare na giɓin a *Turmin Danya* (1982), inda kuɗin fasa-ƙwaurin Alhaji Gabatari ke juya ma'aikatan hukuma. A can an nuna mana tushen dukiya, an nuna yadda take sayen iko. Abin da ya rage shi ne waɗanda guminsu ke cika baitulmali su zama taurari, ba 'yan rakiya ba. Muna kira ga matasan marubutanmu, musamman na Awe da kewaye, da su ɗauko labarin daga bakin murhun gishiri su bi shi har fada da sakatariya. Kowa ya san miya ba ta daɗi sai da gishiri. Saura adabinmu ya tambayi wanda ya dafa shi nawa ya samu.