Sa'a a gaban shari'a: darasi daga Danganronpa

Matasan Miri ta Bauchi da ke buga gem a waya ko a shago sun fi sabawa da ƙwallo da faɗa, amma akwai wasan Japan da ya kamata duk mai rubuta labarin kotu ya yi nazarinsa. Sunansa Danganronpa, Kazutaka Kodaka ya rubuta shi, ya fito a 2010. Ana kulle ɗalibai wuri guda, in an yi kisa su zauna shari'a su gano mai laifi. In sun dace shi kaɗai za a kashe, in sun kuskure kowa ya mutu sai shi. A cikinsu akwai wanda baiwarsa ita ce sa'a, domin da ƙuri'a ya shiga makarantar. Ra'ayina shi ne sa'a ba ta ɓata irin wannan labari muddin an shimfiɗa ƙa'idarta tun farko, ta yadda mai wasa zai iya kafa hujja da ita.

Kashi na biyu, na 2012, ya tabbatar da haka. Tun kafin shari'a ta biyar mun ga Nagito Komaeda, mai baiwar sa'a a wannan kashi, ya zuba harsashi biyar a bindiga mai gurbi shida, ya ɗora a kansa, ya ja kunama, ya tsira. Saboda haka da ya shirya mutuwarsa, ya zuba guba a ɗaya daga cikin kwalaben kashe gobara, ya dogara cewa wata maciyar amana da ke cikin ɗaliban ce za ta jefa ta ba da saninta ba, ɗalibai ba su tsaya canki-canka ba. Sun auna abin da suka sani game da sa'arsa, suka kai ga maciyar amanar, Chiaki Nanami.

Wani zai ce wannan ha'inci ne, tunda a duniyar gaske alƙali ba ya hukunci da rabo. Haka ne, a kotunanmu hujja tana wuyan mai ƙara. To amma labari yana da dokarsa, kuma abin da mai kallo ke bin marubuci bashi shi ne ya riƙe dokar da ya kafa. Ha'incin da ya fi damuna shi ne wanda muka saba gani a wasu finafinanmu: saura ƙiris a yanke hukunci, sai ga wani mai shaida da ba a taɓa jin ɗuriyarsa ba ya faɗo kotu yana haki, ya warware komai. Marubucin ne sa'a ta ceta a nan, mai kallo kuwa an raina hankalinsa.

Marubutan Bauchi masu shirya finafinai masu dogon zango su sa sa'a a labari in suna so, ai rabo yana cikin rayuwarmu. Sai dai su nuna mana ita da wuri, su bar mu mu yi lissafi da ita, kada su ɓoye ta sai ranar da dabara ta ƙare musu.